Littafin da Ya Zaga Mabera

Kwafi ɗaya ne, kuma nawa ne.
Kuɗin ɗinkin riga biyu na ba da
a bakin Tsohuwar Kasuwa, ana ranar da ke narka kwalta.
Labarin wani ladan ne da muryarsa ta ɗauke,
shekara tara yana sharar masallaci,
yana jin wani yaro na kiran sallar da ya saba kira.
Shi ke nan fa. Shafi ɗari uku.

Modi ɗan kabu-kabu ya fara ara.
Kwana biyu ya dawo, ya jefa shi kan keken ɗinkina:
"Mi anka yi cikin littahin ga?
Ba a kashe kowa ba, ba a saci komi ba.
Tsoho ya ɗauki buta a shafi na goma,
har na sha huɗu bai ƙare alwala ba!
Ko hawainiya ta hi shi hanzari."
Rasit ɗin mai ya bari a shafi na arba'in.
Nan ya tsaya, nan na bar shi.

Luba mai aikin dare a asibiti
ta riƙe shi wata guda da kwana shida.
Ta ce ba ya karantuwa da rana,
sai ƙarfe uku, in majinyata sun yi shiru,
ba abin da ke motsi sai ledar ƙarin ruwa.
"Ɗis, ɗis, haka maganarsa ke sauka,
haka kuma take bin jini."
Ya dawo yana warin magani,
da wani shafi da ya jiƙe, ya bushe, ya yi tudu.
Ban tambaye ta ko shayi ne ba.

Malam Attahiru da jan biro ya bi shi,
bai ko nemi izinina ba.
A babi na bakwai, inda tsohon ya zauna kan buzu
ya ce, ya Ubangiji, ina kewar muryata,
malam ya ja layi biyu, ya rubuta a gefe:
"Bawa ba ya ƙorafi."
Can ƙasa, da fensir, rubutun matarsa Inno:
"Ba ƙorafi ba ne, ganawa ce.
Wa zai gaya wa in ba Shi ba?"
'Yarsu ta ce mako guda ana musu kan tuwon dare,
miya na hucewa, ba wanda ya sauko.

Kulu ta jami'a haushi ta ji.
Ta ce marubucin marowaci ne:
ya sa ta jira har bangon baya
bai ba tsohon ko kabbara ɗaya ba.

Sai damina ta faɗi, gulbin Rima ya cika,
mahaifiyar Modi ta kwanta.
Kwana ashirin babur na jingine a zaure,
shi yana bakin gado yana korar ƙuda,
yana ƙidayar numfashi.
Bayan an share makoki ya zo shagona,
ya tsaya kamar mai neman canji.
"Muryar tsohon nan ta komo?"
Na ce a'a.
"Har ƙarshe?"
Na ce har ƙarshe.
Ya daɗe yana kallon zaren da ke rawa a allura.
"To, ba ni shi."

Rasit ɗinsa na nan, tawada ta koɗe.
Bai ci gaba daga wurin ba, farko ya koma.
Ya zauna kan bencin masu jiran ɗinki,
mata biyu suna kira, "Kabu-kabu!" bai ɗaga kai ba.
Ni kuwa na sassauta ƙafa kan keke
don kada ƙara ta dame su, shi da tsohon.
Aka kira magariba.
Na leƙa, yana shafi na sha ɗaya.
Tsoho bai gama wanke hannu ba,
kuma Modi yana jiransa.